Gangunan da Suka Bar Wurinsu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kula da filin saukar jirgi na wani mashru'in noma, wato babbar gona, a yammacin Gadarif, ta wajen Gadambaliya. Da farko jiragen feshin magani ne kaɗai ke sauka a kai. Daga baya mai mashru'in, wani attajiri da ke zaune a ƙasar waje, ya sa aka zuba kwalta don ƙaramin jirginsa na jet ya riƙa kawo shi lokacin yankan riɗi.

Filin ba shi da hasumiya, ba shi da na'ura ko ɗaya. Ni ne da rediyon hannu da ganguna goma na ƙarfe, fentinsu fari da ja. Tsohon kyaftin da ya fara tuƙa jirgin shi ya jera su a gefen kwalta, taki ɗari biyu tsakanin kowace ganga da 'yar'uwarta, aka cika su da ruwa don kada iska ta kayar da su. Ya bayyana mini cewa akwai takardar da matuƙi ke samu bayan horo na musamman kafin a yarje masa sauka inda ido ba ya gani da nisa, kuma ko mai takardar sai filin yana da na'urorin da za su ja shi ƙasa. "Naku ba shi da su," in ji shi. "Idonka ne na'urarmu, ya Hajji. In ba ka ga ganga ta bakwai ba, ka ce mini in koma."

Tsarina na safiyar saukar jirgi bai taɓa canzawa ba. Na farko, in taka filin da ƙafata daga wannan kai zuwa wancan, ina ƙirga taki. Na biyu, in kori awaki. Na uku, in dawo bakin rumfata in ƙirga gangunan da nake gani. Na huɗu, in ɗauki rediyo. Ban taɓa sa na huɗu a gaban na farko ba sai rana ɗaya.

Wakilin mashru'in mijin ƙanwata ne. Ba mu taɓa shiri ba. Mutum ne mai fara aiki daga tsakiya, ya bar wa wasu farko da ƙarshe. Ana gobe jirgin zai zo na tafi gari ta'aziyya. A bayana tankar ruwa ta lalace, masu yankan riɗi suna cikin gona da ƙishirwa, sai ya sa aka loda gangunana a tarakta aka yi ta jigilar ruwa da su. Da yamma ya ce wa leburori su mayar. Sun gaji, babu mai duba su, suka jera su a layi tsaf amma kusa-kusa, wajen taki sittin tsakani. Ba wanda ya faɗa mini.

Washegari bayan sallar asuba hazo ya sauka, irin na ƙarshen damina mai jiƙa riga, wanda muke ce wa shabbura. Na sa takalmina zan fara taka fili sai ga motar wakili.

"Yaya, ina za ka? Jirgi ya taso da wuri, yana bisa kanmu."

"Zan taka fili."

"Yanzu? Ya salam! Kafin ka je ka dawo da ƙirgenka na tsofaffi mai gida ya tsufa a sama. Ɗauki rediyo."

"Ba kai ke ba da umarni a nan ba, wakili."

"To wa ke bayarwa, gangunanka? Ga su can, ƙirga su mana. Ko idon ma ya yi ritaya?"

Ina jin ƙugin jirgin yana zagaye a cikin farin hazo. Tsohon kyaftin ya riga ya ajiye aiki, wani sabo ne ke tuƙi, mai ji da kansa, wanda ko sallama ba ya amsawa da kyau. Muryarsa ta fito a rediyo, yana tambaya da Larabci nawa nake gani. Na tsaya bakin rumfa na ƙirga. Ɗaya, biyu, har bakwai, ta bakwan dishi-dishi. Na lura sun fi girma a idona fiye da kullum. Na ce a raina hazo ne ke kumbura abu. Na danna rediyo na ce bakwai.

Jirgin ya fito daga hazo ya riga ya wuce rabin kwalta. Ya taɓa ƙasa da ƙarfi, tayoyi suka yi ƙara, kwalta ta ƙare bai tsaya ba. Ya faɗa cikin baƙar laka ta gonar riɗi, ƙafarsa ta gaba ta karye, hancinsa ya nutse. Ba wanda ya mutu. Mai gida ya fashe a goshi. Matuƙin ya karye a baya, sai a kan ƙyauren rumfata muka ɗauko shi.

Kafin hantsi hazo ya yaye, na ga abin da na ƙirga. Ganguna goma duka a tare a ƙofar rumfata kamar tumaki a bakin rijiya.

Bayan la'asar wakili ya kawo leburori suka mirgina su zuwa wurarensu na da. Sannan ya shigo rumfa ya zauna a kujerata ba tare da an ba shi ba.

"Yaya, Allah ya rufa mana asiri. An duba takardun yaron nan matuƙi. Ba shi da ta sauka cikin hazo, ko horon bai je ba. Halas, magana ta ƙare, laifi ya sami mai shi. Kai ka ga bakwai, ka ce bakwai. Shi ke nan maganarka."

"Bakwai ɗin da ka tara mini a ƙofa?"

"Wa ya gani? Leburorin jibi sun wuce Fashaga. Matuƙin kuwa baƙo ne, ba shi da kowa a nan. Ni ina da 'ya'yan ƙanwarka guda biyar."

"Da ka tuna da su kafin ka taɓa abin da ba naka ba."

"Mutane na mutuwa da ƙishirwa, in tsaya kallon ganga mai fenti? Kai dai ba ka san rahama ba, sai ɗaya, biyu, uku."

"Tashi daga kujerata."

Ban ji tausayin matuƙin ba, kuma har yau ban ji ba. Ya san ba shi da takardar, ya ga hazo da idonsa daga sama, ya sauko don kada mai gida ya ce ya kasa. Amma abin da ya faru yana da jeri, kuma shi ne na ƙarshe a jerin.

Kwana biyu bayan haka masu bincike suka zo, mutum uku. Wakili na tsaye a bayansu yana kallona. Babbansu ya ce in faɗi abin da na sani. Na ce zan faɗa daga farko, kada a katse ni. Na farko, an kwashe gangunan ina gari, da umarnin wakili. Na biyu, an mayar da su ba a wurinsu ba. Na uku, ni ban taka fili ba, alhali shi ne aikina na farko, kuma ba wanda ya ɗaure mini ƙafa. Na huɗu, na ce bakwai. Na biyar, matuƙi ya sauka.

"Ƙarya yake!" in ji wakili. "Tsoho ne, ya rikice. Ga ganguna can a inda suke tun shekaru."

Na ce su biyo ni. Ƙasarmu in ta jiƙe ba ta mantuwa. A gefen kwalta, kusa da rumfa, ga zoben gindin kowace ganga a laka, guda goma, ya bushe da shatinsa. Babbansu ya taka tsakanin zobe biyu da kansa. Ya juyo ya dubi wakili, ya rubuta.

An sallame mu mu biyu a mako ɗaya. Nawa daidai ne, ban yi gardama ba. Matuƙin aka ce an karɓe lasisinsa na wani lokaci, ban bi labarinsa ba.

Ƙanwata ta zo gidana sau ɗaya, ba ta cire takalmi ba. Ta ce, "Yaya, baƙo ka zaɓa a kan jininka." Na ce ban zaɓi kowa ba, na faɗi abin da ya zo farko da abin da ya biyo. Ta ce to in ci jerin nawa in ƙoshi. Tun daga ranar ba ta sake taka ƙofata ba.

Yanzu ina gadin wani sito na dawa a kasuwar amfanin gona. Ni da mijin ƙanwata muna haɗuwa a masallacin Juma'a. In sahu ya haɗa mu, yakan matsa ya sa wani a tsakani. Ni ba na matsawa, wurina ne tun kafin ya zo.