Jarumin da Ba a Ƙulla wa Guzuri Ba

Wata rana, Juma'a ce ma da hantsi, wani matashin darakta mai suna Tasi'u ya saɓa jakar kwamfutarsa ya hau motar Gezawa, ransa a jagule.

Ku gyara zama in gaya muku abin da ya jagula shi.

Shekara biyu cur bawan Allahn nan ya yi yana haɗa fim guda ɗaya tak. Ba irin na falo da kujeru ba, wanda za a wuni ana kallon-kallo ana waƙa. Nasa na zamanin da can ne, na takubba da sulke da dodanni.

Labarin wani jarumi ne, Barde Jatau, da ya tafi ƙwato gangar garinsu daga hannun wani dodo da ke ƙarƙashin tafki. In ba a buga gangar nan ba, ruwan sama ba zai sauka a garin ba.

Kuma yabon gwani ya zama dole, aikin ya yi kyau.

A duwatsun Riruwai aka ɗauki hoton. Maƙera na gaske ne suka ƙera takubban. In aka buga tambari a ciki, har a ƙirjinka kake ji.

Dodon kuwa, kai uku gare shi. Wata huɗu Tasi'u ya yi a gaban kwamfuta yana gyara masa haƙora da ƙaya.

Abokansa fa, kun san halin abokai. Wannan ya ce fim ɗin wuta ne, wancan ya ce daga kansa an rufe ƙofa. Kan Tasi'u ya yi girma har hularsa ta fara matse shi.

Sai ya kai wa wani gidan talabijin.

Mutum biyar suka zauna kallo, har da Hajiyar da ke shugabantar sashen shirye-shirye. Minti ashirin na farko ko tari ba wanda ya yi.

Daga nan sai ɗaya ya zaro waya.

Wani ya saki hamma har da hawaye.

Ana can ana sara da suka a allo, dodo na aman wuta, su kuma suna duba saƙonni.

Da aka gama, Hajiya ta ce masa gaskiya fim ya ƙayatar, amma akwai abin da babu a ciki, ita ma ba ta san sunansa ba. Ta ce ya dawo ranar Litinin su sake gani sau ɗaya. In yana nan yadda yake, za su bai wa wani gurbin.

Aikin shekara biyu ke nan, ya rataya a kan kwana uku.

To, ba shawara Tasi'u ya je nema Gezawa ba. Guduwa ya yi wurin kakarsa, Iya Tabawa, ya ci dambunta ko zuciyarsa ta yi sanyi. Rabonsa da gidan tun Babbar Sallah.

Tana ganinsa ta fara tsiya irin ta kaka da jika. Ta ce ashe mijin nata yana raye, ita har ta fara shirin kai ƙara wurin alƙali a raba auren, tunda ba ci ba sha ba leƙe. Ya ce ai amarya ya je nema, mai haƙora. Ta ce Allah ya ba da sa'a, in ta iya dambu.

Bayan an sauko daga masallaci, ya cika cikinsa, sai ta tambayi abin da ke cikin jakar da yake ta runguma kamar jariri.

Ya buɗe kwamfutar a kan tabarma, a inuwar rumfa, ya kunna mata.

Jama'a, da kun ga Iya Tabawa!

Da dodo ya fito ta janye ƙafafunta daga gaban allon, ta ja a'uzubillahi har sau uku. Ta tambaya ko a ina suka samo wannan halitta, me kuma suke ba ta ta ci. Da Barde Jatau ya tsallake gadar wuta a kan doki, ta tafa hannu ta ce wannan yaro ba ya jin magana. Ta yaba rawunan, ta yaba kiɗan, ta ce sarauniyar aljanun ta iya ɗaurin ɗankwali.

Daɗi ya kama Tasi'u.

Can sai ya ga ta miƙa hannu a hankali, ta jawo faifanta, ta ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Ya dubi allon. Daidai wurin da mutumin gidan talabijin ya zaro waya ne.

Iya ba ta da waya, amma tana da faifan gyaɗa.

Tasi'u ya miƙa hannu. Ya tsayar da fim ɗin.

"Iya, ke ma a nan kika gaji?"

"Ban gaji ba, maigida. Tambaya gare ni. Wannan yaron, wa ya ƙulla masa guzuri?"

"Guzuri kuma? Jarumi ne fa, Iya."

"Jarumin daga sama ya faɗo? Ya fita ba sallama, ba wanda ya raka shi bakin zaure, ba wanda ya ce masa Allah ya kiyaye hanya. Mutumin da ba mai jiransa a gida, in dodo ya cinye shi, gidan wa zan je gaisuwa?"

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.



Abin da Iya ba ta sani ba, da can akwai wannan fitowar a fim ɗin. An ɗauke ta tun bara. Uwar Barde Jatau tana dakan dakuwa, ta ƙulle masa a tsohon kallabinta, shi kuma ya durƙusa ta dafa kansa ta sa masa albarka. Akwai ma wata, inda take tsaye a bakin zaure tana duban hanya.

Minti uku ne duka-duka.

Tasi'u da hannunsa ya cire su. Ya ce suna jan fim baya, mutane faɗa suka zo gani. Ya ɗauki mintunan ya ƙara wa kan dodo na uku.

Kunya ta rufe shi. Mutum biyar masu digiri sun kasa gano ciwon, tsohuwa mai faifai ta ɗora yatsa a kai.

Zumbur ya miƙe, ya tura kwamfuta a jaka, ya ce shi ya wuce Kano.

Har ya kai tsakar gida ta kira shi. Ta ce ashe shi ma halin jarumin nasa gare shi.

Ta shiga ɗaki ta fito da dakuwa guda bakwai, ta ƙulle a wani ƙyalle, ta damƙa masa. Ta tako da sandarta har bakin zaure.

A nan Tasi'u ya tuna rabon da ya yi mata sallama ta kirki. Tun da ya fara fim ɗin nan, daga bakin ƙofa yake ɗaga murya ya ce ya tafi.

Ya ajiye jaka, ya durƙusa. Ta dafa kansa ta yi masa addu'a mai tsawo, ta ƙare da cewa in ya samo amaryar ya kawo ta ta koyi dambu.

Asabar da Lahadi ya yi su a gaban kwamfuta.

Ya mayar da uwar Barde Jatau wurinta. Ya yanke minti tara daga faɗan dodo, yana yanka yana jin kamar haƙorinsa ake cirewa, don ya san wahalar da ya sha a kan kowane minti.

Yana aiki yana cin dakuwar Iya. Da ya kwance ƙullin ya ga saura guda ɗaya, sai hannunsa ya tsaya.

Ya tashi ya buɗe akwatin kayan fim, ya lalubo rigar jarumin da kallabin uwar. Ya sa rigar, ya kafa kyamara a kan hannunsa kawai, ya ɗauki sabuwar fitowa: Barde Jatau a bakin tafki, kafin ya faɗa ruwa, ya kwance ƙullin uwarsa, ya tarar saura dakuwa ɗaya. Bai ci ba. Ya mayar ya ƙulle, ya sa a ƙirji.

Shida sun shiga cikin Tasi'u, ta bakwai ta shiga fim.

Ranar Litinin mutum biyar ɗin nan suka sake zama.

Minti ashirin ya wuce. Minti arba'in ya wuce. Wayoyi suna kife a kan tebur, ba wanda ya waiwaye su.

Da aka zo bakin tafki, mai hammar nan ne aka ji yana magana da allo, yana cewa Barde ya yi a hankali, tsohuwa na jira. Hajiya kuwa ta kai gefen mayafinta ido, wai wani abu ne ya faɗa mata.

Suka karɓi fim ɗin.

Amma kada ku ɗauka ya zama ba aibu. Hajiya ta ce jawabin sarki ya yi tsawo, kiɗa na danne magana a wasu wurare, kuma in ka lura da kyau ƙafafun dodon ba sa taɓa ƙasa.

Da a da ne, da Tasi'u ya kumbura. Wannan karon biro ya zaro ya rubuta duka, har yana tambaya ko da ƙari. Ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Juma'ar da ta zagayo ya koma Gezawa da tsaraba niƙi-niƙi: turmin atamfa, goro da lemo. Ya yi sallama tun daga zaure, ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya kunna mata sabon.

Faifan gyaɗa yana gefenta, har aka gama ba ta taɓa shi ba.

Da Barde Jatau ya dawo da ganga, ruwa ya goce, uwar ta tarye shi a bakin zaure, Iya Tabawa ta sauke ajiyar zuciya ta ce alhamdulillahi, yanzu ya zama ɗan mutane.

Tasi'u ya washe baki, yana jiran sauran yabo.

Ta shafa atamfarta, ta dube shi ta gefen ido.

"Sai dai kai ka fi shi hankali, maigida. Tafiyar kwana arba'in, ya dawo wa uwarsa hannu rabbana? Ina tsarabarta?"

Tasi'u ya yi dariya har ya kwanta a kan tabarma. Da ya tashi, ya laluba aljihu ya zaro biro.

Darasi: Komai girman dodon da kake faɗa da shi a waje, mutanen da ke jiranka a gida su ne ke sa faɗan ya yi daraja. Kada ka yanke su daga rayuwarka don kana ganin suna ja maka lokaci. Kuma in ka yi aiki, kada ka tsaya ga masu ce maka wuta ne. Nemi wanda zai yaba inda ya yi kyau, ya kuma tambaye ka abin da ka manta.

In akwai wadda ta taɓa ƙulla maka guzuri ta raka ka bakin ƙofa, tura mata wannan. In ba ta da waya kamar Iya Tabawa, tura wa abokanka, kai kuma ka tashi ka je da ƙafarka, kuma kada ka je hannu rabbana.