Bayahudiyar da ke sayen gyaɗa a Gaya

Ina da shekara ashirin da 'yan kai na fara tuƙa babbar motar wata Bayahudiya mai sayen gyaɗa da fatu a Gaya. Daga Tarabulus ta zo. Mijinta ya rasu a Kano, ita ta ci gaba da harkar. Hausarta da gargada, amma manoman Gafasa da Toranke sun yarda da sikelinta.

Wata safiya ta kira ni cikin shago, idanunta sun yi ja.

"Ɗana, yau ba gyaɗa za ka ɗauko ba," in ji ta. "A ƙasarmu ana ƙone shagunan mutanenmu saboda addininsu. Wasu sun keto hamada, suna jira a kan iyakar ƙasar nan. In kana tsoro, faɗa mini."

Na ce, "Uwar ɗakina, bari in ji ta bakin Baba."

Na iske mahaifina a gona a Ajingi. Ya jingina fartanya, ya saurare ni, ya ce, "Wanda ya gudo da ransa, ruwa ake fara ba shi. Je ka."

Na ɗauko iyali biyu, har da wata tsohuwa da ta ƙanƙame mabuɗin gidanta tun daga iyaka har Gaya. Uwar ɗakina ta sauke su a bayan shago. Matata ce ta riƙa dama musu kunu, domin cikinsu ya ƙi karɓar tuwo. Da takardunsu suka kammala, na kai su filin jirgi a Kano. Haka muka yi ta yi, damina ta wuce, wata ta zo. Zobenta da awarwaronta duk suka tafi a kuɗin jirgi.

Duk dawowar da zan yi, tana tsaye bakin titi tana leƙen bayan mota. Ƙanwarta take jira. Ba ta taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa iya kallon fuskarta ba.

Daga baya labari ya zo cewa ƙanwar ta bar ƙasarsu ta teku. Uwar ɗakina ta sayar da shagon ta bi ta. A filin jirgi ta ce, "Ka gaishe da Baba. Zan rubuto."

Wasiƙa ɗaya ta iso, ba adireshi. Na tsufa ban san ko sun haɗu ba. Da ma na tambaye ta sunan garin da za ta.