Wurin Gadon Inna

Maƙwabcina Mai Kushin ba mai yawan magana ba ne. Tun yana saurayi yake ɗinkin kujerun mota da na falo, kuma duk abin da ya kalla sai ya hango inda za a ninke shi. Teburinsu ma a jikin bango yake kwana.

Ɗaki biyu gare su. Ɗaya nasu da yara, ɗayan kuwa manyan kulolin matarsa sun cinye shi, don ƙanƙara da ruwan sanyi take sayarwa a bakin tasha. Kulolin ba sa kwana a tsakar gida, an taɓa ɗauke mata ɗaya.

Ana nan sai ƙafa ta kwantar da mahaifiyarsa. Ƙaninsa ya ce tunda babu wuri, a kai ta wajen 'yarta can nesa. Tsohuwa ba ta ce a'a ba. Ba ta kuma ce to ba.

"Malam, ka san ba zan hana Inna wuri ba," in ji matarsa. "Amma in na rabu da kulolin nan, me zan zauna ina yi? Kallonka?"

"Kallona ma ai sana'a ce."

"Wadda ba ta cika tukunya."

Ya yi murmushi, ya tattaro guntayen soso da tampol, ya hau keken ɗinki. Ya ɗinka mata kula mai zif, wadda in ta zama wayam sai ta kwanta kamar tabarma. Washegari matar ta fita da ita, kafin azahar ta dawo da jiƙaƙƙen zane.

"Kula ka ɗinka mini ko rariya?"

Bai musa ba. Ya bi ɗinkin da yatsa, ya ga duk inda allura ta ratsa, nan ruwa ya bi. Ta biyun sai ya zura soson cikin aljihunan jikinta, ya shimfiɗa tampol falle ɗaya a ciki, ba huji ko ɗaya. Ranar da matar ta fita da ita, sai bayan la'asar ta shigo. Ta jefa masa guntun ƙanƙara a wuyan riga. Daga gidana na ji ihunsa.

Ya ɗinka sauran, aka ninke su aka rataye a bayan ƙofa, tsofaffin kuma aka rabu da su. Da aka shigo da Inna, ta daɗe tana duban ɗakin.

"Kai," ta ce wa ɗanta Mai Kushin, "matso mini da gadon nan kusa da taga. Ina so in riƙa ganin fitarka."