Ranar da Baba ya bar cewa "da sauƙi"

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Ku da kuka saba ganin ina saka hotunan littattafan soyayya, na ga saƙonninku, kunya ce ta hana ni amsawa. Jinyar Baba muke yi.

Babana tsohon soja ne a nan Amurka. A aikin sojan ne ya ji rauni a gadon baya, bai taɓa ba mu labarin ba. Da ya bar soja sai ya koma tuƙin tasi.

Abin da na fara lura da shi, ya koma yin sallah a kan kujera. Daga nan ƙafar hagu ta fara mutuwa. Wata safiya ya tsaya a matakalar tashar jirgin ƙasa ta Parkchester, ya kasa hawa, ya kasa sauka.

Aka yi hoton MRI. Likita ta ce ƙashin baya ne ya danne jijiya, sai tiyata. Na ji tsoro ƙwarai. Ina zaune a ɗakin jira da littafi a hannu, shafi ɗaya nake ta maimaitawa.

An yi aikin lafiya. Aka shiga gashin ƙashi, da magunguna masu sa shi barci da rana. Tasi ta tsaya. Albashin Mama kaɗai ke riƙe da hayar gida, kuma ba ya isa.

Baba ya nemi haƙƙinsa na raunin soja. Aka kira shi gwaji, ya je shi kaɗai. Amsa ta zo: an ƙi.

Mama ta ce a nemo lauya a ɗaukaka ƙara. Ni aka ba waya, ni da ko odar abinci ba na iya yi sai murya na rawa. Na farko ya ce shi shari'ar haɗarin mota yake yi. Na biyu, wanda aka ba mu a masallaci, na takardun zama ne. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Ghana da ke hawa na sama a gininmu ce ta ce mini, "Ƙanwata, nemi wanda hukumar tsofaffin sojoji ta amince da shi, akwai sunayensu a shafinsu."

A shafin na samo mana lauya. Gaskiya a raina na riga na zana shi: dogo, mai kwat, mai kallon da ke sa alƙali ya rikice. Da muka shiga ofis sai ga wata gajeriyar dattijuwa da takalmin gudu, tana cin ayaba.

Ta karanta rahoton gwajin, ta ɗago. Ta tambayi Baba da Turanci yaya bayan.

Ya ce da sauƙi, an gode Allah. Alhali ya damƙe hannun kujera, gumi na zubo masa.

Ta juyo gare ni. "Haka ya gaya wa likitan gwaji. Ga shi an rubuta ya samu sauƙi. Me ya sa yake faɗin haka?"

Na ce a wurinmu ko mutum yana kwance ba ya motsi, aka ce ya jiki, da sauƙi zai ce. Gaisuwa ce.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To su ba gaisuwa suka ji ba." Ta matso da kujerarta kusa da Baba. "Ba ni labarin ranar da ta fi muni."

Baba ya kalle ni, ya sunkuyar da kai.

Mama ce ta fara, da Hausa, ina fassarawa. Ta ce ita ke sa masa safa. Ita ke riƙe shi ya shiga wanka. Ta bar gado ta koma tabarma don kada motsinta ya tashe shi.

Baba ya ce, "Haba Hajiya, a gaban yarinya?"

Ta ce, "Malam, yarinyar ce ke ɗauko safar."

Ya yi murmushi, sannan ya fara ba da labarin da bakinsa. Inda ya koma Hausa, na fassara. Na karanta jarumai da yawa suna rantsuwar so, ban taɓa karanta wadda ta koma tabarma ba.

Lauyar ta nemo tsofaffin takardun asibitin soja, ta sa aka sake gwaji. Ba ta karɓi komai a hannunmu ba, ta ce sai an yi nasara za ta ɗauki kasonta daga kuɗin watannin da suka wuce da za a biya shi. Mun jira har na daina duba akwatin wasiƙa.

An amince. Alhamdulillah. Gidanmu yana nan.

Na gode wa Allah, da lauyarmu, da Anti ta hawa na sama, da ku masu addu'a.

In kuna da irin Babana: kada ku bari lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce. Ku tambayi yadda ake biyan lauya tun farko, akwai ma ƙungiyoyin da ke taimakawa kyauta. Ku ajiye kowace takardar asibiti. Kuma kada ku bar shi ya je gwaji shi kaɗai.

Jiya na ga Baba ya ture kujera ya kai goshi ƙasa, a hankali. Da ya sallame na ce, "Baba, ya jiki?"

Ya ce, "Na gaisuwa kike so, ko na lauya?"

Na ce na lauya.

Ya ɗan yi tunani. Ya ce, "Da sauƙi."