Bukenya Mai Bugu Ɗaya

Bukenya ɗan Mpambire ne, garin masu haɗa ganguna, inda in saniya ta gitta ba nononta ake kallo ba, fatarta ake aunawa da ido. Shi ke kaɗa engalabi, doguwar gangar nan mai fatar guza, wansa Lubega kuma yana riƙe da babbar ganga. Bukenya ya jefa tambaya da tafin hannu, Lubega ya cafe ya ba shi amsa tun sautin bai faɗi ƙasa ba. Haka suka yi ta cin matoke, dafaffiyar ayabar nan, na biki da na makoki har furfura ta leƙo su, ba wanda ya taɓa ce musu masu fasaha. Makaɗa ne kawai, a miƙa musu abinci a bayan rumfa.

Sai ga Akello, wata 'yar Kampala mai askin gefe guda da kwamfuta a jaka. Ganga ta zo saya, ta koma da makaɗi. Ta kai shi wani ɗaki a unguwar Kabalagala da aka manne bangonsa da kwalin ƙwai, ta kafa wa gangarsa makirufo. Bukenya ya zage ya nuna mata abin da ya gada, har gumi na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ta zare abin sauraron da ke kunnenta ta dube shi da tausayi.

"Kawu, hannunka ya cika surutu. Buga ɗaya ka bar min sauran."

Ya buga ɗaya. Na'urar ta kama bugun, ta ja shi, ta murɗe, ta yanka gunduwa-gunduwa, ta dawo da shi kamar ruwan sama kan kwano. Ya tambaya ko injin ne ya lalace. Ta ce ai kiɗan ke nan, kuma ya yi kyau matuƙa.

Lubega ya zo kallo sau ɗaya tak. Da aka tashi ya ce shi dai yau ya ga mutumin da ake biya don ya yi jira, ya roƙi ƙanin ya dawo gida, lokacin bukukuwa ya matso. Bukenya ya ce masa zamani ne bai gane ba. Lubega ya hau mota shi kaɗai.

Daga nan duniya ta buɗe. A Berlin Turawa suka tsaya cikin duhu ido rufe, ba mai ɗaga ƙafa, wani ɗan jarida ya rubuta cewa shirun Bukenya ya fi kiɗansa zurfi. Bukenya bai san yana da shiru mai zurfi ba, amma tunda an yaba, ya ƙara yawansa. Ya koyi bugu ɗaya, ya ɗaga hannu a hankali, ya zuba wa rufi ido yana jiran na'ura ta ƙarasa zancen. Kantar hannunsa ta zube. Tafin ya yi laushi irin na ma'aikacin banki, har mai yake shafa masa.

Yana can ƙetare Lubega ya rasu, aka binne shi a gonar ayaba ba ya nan. Wannan ya ci Bukenya a rai ƙwarai, kunya ta hana shi sakat. Abu ɗaya ya rage da zai iya yi wa wansa: ranar naɗa magaji dole a kaɗa taken dangi, ya kuwa rantse ba hannun da zai kaɗa sai nasa. Dattawa suka yarda. Mutumin da ya kaɗa wa Turawa ai ba ya gaza 'yan ƙauye.

Da safiyar ranar aka tsayar da ɗan Lubega, an yafa masa mayafin ɓawon itace, an ba shi mashi. Bukenya ya gasa gangarsa a bakin wuta har fatar ta ɗaure. Ya buga. Bugu mai kyau, ba laifi. Sai hannun ya tashi sama da kansa, ya tsaya. Wani ya yi tari. Akuya ta yi kuka a bayan gida.

Ya farga, ya sake kamawa da sauri, amma taken ya ƙi haɗuwa. Da ya ɗan yi nisa sai hannun ya bar rami, daidai inda na'ura ta saba cikewa. Tsofaffin matan da suka ci ɗamarar rawa suka tsaya suna kallon juna. Tafinsa ya fashe, jini ya ɓata fatar guzar, ramukan dai suna nan.

Namusisi, matar marigayin, ta taso ta durƙusa kusa da shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ƙanina, wa kake jira? Mai amsa maka yana can kwance cikin gonar ayaba."

Bukenya ya sauke hannu. Aka tura babur ƙauyen gaba a ɗauko makaɗin haya, jama'a suka zauna jira, shi ma ya zauna tare da su da gangar a cinya.