Goron Da Ya Karya Mini Hannu

A shekarun tamanin ni saurayi ne mai ƙarfi da taurin kai, mai tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon ƙauyenmu da ke tsakanin Tsarnawa da Konni. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, noma ne sana'ata, amma idan na tsaya tsakanin sandunan nan biyu ji nake duk ƙasar babu kamata. Mutanen garinmu sun ɗauke ni ɗan cikinsu, har tsofaffin mata kan aiko mini da fura ranar wasa.

Sai shekarar fari ta zo. Gero ya bushe tun bai fid da kai ba, rumbuna suka koma wayam. Ƴan wasanmu suka fara zamewa, wasu suka tsallaka Sakkwato ci-rani, wasu suka koma ƙungiyoyin da ke ciyar da ƴan wasansu. Mu da muka rage muka taru gindin gawon bakin fili, muka yi wa juna alkawarin babu mai tafiya ko da ganyen tafasa za mu riƙa ci. Rigunanmu sun yage, ƙwallonmu duk faci, amma mun tsaya. Ni ne ma na fi kowa ɗaga murya wajen zagin waɗanda suka gudu.

Ana haka sai kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya zo daga wajen Illela. Shi ke kula da ƙungiyar garinsu, wadda za mu kara da ita a filinmu. Ya zauna a zaure, ya kwance goro, ya ce in koma wurinsu, zan ci in ƙoshi, mahaifiyata ma ba za ta rasa dawa ba. Na ba shi haƙuri, na ce na riga na yi wa abokaina alkawari. Ya ce to ko ban zo ba in karɓi goron don zumunci. A wurinmu, idan aka zo neman abu gare ka ka karɓi goro, to ka amsa ke nan, kuma na san haka sarai. Amma ta yaya zan mayar wa kawuna hannu a gaban uwata? Na karɓa, masu zaman ƙofar gida suna kallo. Ya kamata nan take in je in faɗa wa kyaftin ɗinmu yadda aka yi. Girman kai ya hana ni, ina ganin duk garin babu mai iya zargina.

Ranar wasa na shiga fili babu komai a cikina sai kunun safe. Mun riƙe su har dab da tashi. Sai ɗan wasansu ya bugo wata ƙwallo marar ƙarfi daga nesa, irin wadda nake kamawa ina dariya. Jiri ya ɗebe ni, idona ya yi duhu, ta sulale tsakanin hannuwana ta shige. Kafin in miƙe na ji ana ihu a cikin ƴan kallo wai na ci goro, na sayar da gari.

Dutsen farko ya fasa mini gira, jini ya rufe mini ido. Suka cika filin da gora da sanduna, suka kayar da ni suna shura ta ko'ina. Wani maƙwabcinmu, wanda muke gayya tare tun muna yara, ya take wuyan hannuna na dama, wani ya riƙa sauke gora a kan yatsun, suna cewa hannun da ya karɓi goro ba zai ƙara taɓa ƙwallon garin nan ba. Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji zafinsa. Alƙalin wasa tuni ya arce. Kyaftin ɗinmu ne ya faɗo kaina ya rufe ni da jikinsa, sauran ƴan wasanmu suka kewaye mu, duka ya koma bayansu har jandarmomi suka iso. Nan kyaftin ɗin ya bar haƙoransa na gaba. Alhali shi ma ya ji maganar goron, kuma bai san gaskiyarta ba. Daga baya ya ce mini ko na sayar ko ban sayar ba, rigarsu ce a jikina.

A amalanken jaki aka kai ni likita a Konni. Yatsuna suka warke a sandare, ƙwallo ta ƙare mini, hauya ma da hagu na koma riƙe ta. Kawuna ya zo ya rantse a ƙofar masallaci cewa ƙin tayinsa na yi.

Har yau ina baƙin cikin shirun da na yi. Ɗan wasan da ya tsaya wa ƙungiyarsa a lokacin wuya, kada ya ɓoye wa abokansa komai, ko da yana ganin abin bai taka kara ya karya ba. Ku kuma masu kallo, ku ji tsoron Allah, ku tambaya kafin ku ɗaga sanda, don mai yunwa ma yakan yi kuskure. Maƙwabcin nan nawa ya zo neman gafara bayan damina, yana hawaye, ya miƙo mini goro. Na yafe masa, na miƙa hannun dama in karɓa, yatsun suka ƙi rufuwa, goron ya faɗi ƙasa tsakaninmu.