Maijidda Mai Tukunyar Lakol da Ƙwan Zulai

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan lakol ɗin ƙauyenmu, nan kusa da Cadawa, da sanyin safiya, ya san hayaƙin Maijidda. Kafin a buga ƙarfen shiga aji ta riga ta share rumfarta, ta girka babbar tukunya, ta tankaɗe garin gero, tana dama kunu tana ƴar waƙarta da ba mai jin baitin sai ita. Shekara da shekaru tana dafa wa ƴan lakol abinci a wannan rumfa. Bana hayaƙi ya ci mata ido, ƴaƴanta suka ce ya isa haka, ta zauna gida. Shi ya sa na ce bari a ba da labarinta tun tana da ranta tana ji.

Maijidda ba ta taɓa zama a aji ba, amma Allah ya yi ta da son sanin dalili. In ta sauke tukunya ba ta zama ta huta kamar kowa. Sai ta lallaɓa jikin taga ta leƙa. Me take kallo? Kawunan yara. Wa ke gyangyaɗi, wa ya ƙura wa allo ido alhali hankalinsa yana can gona, wa ke fushi ba a taɓa shi ba. In an tashi ta tare yaro ta tambaye shi abin da ya ci kafin ya fito. Har malamin babban aji, Mushe Sharifu (mu nan Mushe muke ce wa malamin lakol), ya riƙa tsokanarta, da ya hango kallabinta sai ya ce wa yara mai duba malamai ta iso, kowa ya gyara zama.

Da wannan leƙe-leƙen ta lura cewa ranar da aka sha tsurar kunun gero, kafin rana ta take rabin aji ya kwanta a kan tebur. Ranar da ta zuba gyaɗa ko ƙuli-ƙuli kuwa, sukan daɗe idonsu biyu. Abin ya tsaya mata a rai. Ranar kasuwar Cadawa ta je har wurin malamin asibiti ta tsare shi da tambaya. Ya ce mata kan yaro ma ci yake kamar cikinsa, wake da gyaɗa da ganye da ƙwai duk suna iya taimakawa, amma kada ta ɗauka magani ne na sha yanzu.

Ta dawo ta shiga gwaji. Yau riɗi, gobe aya, jibi wake. Akwai ranar da ta antaya garin zogale a kunu har ya koma kore shar kamar ruwan tabki. Yara suka leƙa tukunya suka ja da baya. Don kada a ce ta ji kunya, ta ɗebi ludayi ta sha a gabansu tana yamutsa fuska, sauran kuma awaki suka samu. Daga nan ta koma yin kwaɗon zogalen da ƙuli-ƙuli, wanda har sai an raba faɗa a kansa.

To, a cikin yaran akwai Zulai ɗiyar Iro, siririya, ba ta magana, ba ta wasa. Duk lokacin da Maijidda ta leƙa, kan Zulai yana kife a kan tebur. Uban ya riga ya faɗa wa Mushe Sharifu cewa yarinyar ba ta da kan boko, in shekara ta ƙare zai cire ta. Maijidda ta tambaye ta, ta tarar da cikin wofi take fitowa, kunun lakol shi ne farkon abin da ke shiga bakinta. Sai ta fara dafa mata ƙwan kajinta, ta ɓoye a gefen zane, ta miƙa mata a bayan rumfa kafin a shiga aji.

Kun dai san yadda muka taso a nan: ba a ba yaro ƙwai, wai ɓarawo zai zama. Ita kanta Maijidda haka aka rene ta.

Ba a daɗe ba uwar Zulai ta tsinci ɓawon ƙwai a jakar littattafanta. Washegari Iro ya zo rumfa, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Inna Maijidda, ni karatu na kawo ɗiyata a koya mata, ba ɗauke-ɗauke ba. Ba ma sai shekara ta ƙare ba, daga yau ta gama."

Maijidda ba ta yi gardama ba. Ta ce tana da laifin yi a ɓoye, ta ba shi haƙuri, ta roƙe shi ya bar yarinyar zuwa Juma'a. Ya amince don girman furfurarta kawai.

Me za ta yi kafin Juma'a? Abin da ta iya, tambaya. Ta bi tsofaffin gari gida gida tana son a nuna mata yaro ɗaya da ƙwai ya mayar ɓarawo. Kowa ta tambaya sai ya ce haka muka taras. Wata ta ce an yi wani a Gangara, da aka bi diddigi ashe akuya ya sata, kuma ba wanda ya san ko ya taɓa cin ƙwai. A ƙarshe ta faɗa ɗakin Gwaggo, mahaifiyar Iro, wadda ta girmi kowa a unguwar. Tsohuwa ta yi dariya har da tari.

"Ke Maijidda, ba ki gajiya da tone-tone. In yaro ya san daɗin ƙwai, wace kaza za ta ƙyanƙyashe a gidan nan? Akurki zai bi ya kwashe. Satar ke nan, ba wata ba."

"To Gwaggo, in ke kika ba shi da hannunki fa, me ya sata?"

Gwaggo ta ci gaba da murza carbinta. Can ta ce a kira mata Iro.

Washegari, a tsakar gida, a gaban ɗanta, Gwaggo ta ɓare dafaffen ƙwai ta sa wa jikarta a tafin hannu, ta ce ta cinye ta wuce lakol. Iro ya dubi uwarsa, ya dubi ƙasa, ya saɓa hauyarsa ya fita. Zulai ba ta zama ta ɗaya a aji ba, ba zan yi muku ƙari ba. Amma kanta ya tashi daga kan tebur, ta fara ɗaga hannu, ta fara faɗa da ƙawaye kamar kowa. Yanzu haka tana koleji. In aka ce wa Maijidda aikin ƙwai ne, sai ta ce ita har yau ba ta sani ba, ko ƙwan ne, ko kuwa don an fara tashi da safe ana tuna cikin yarinyar.

Maijidda, ke ce mai ludayi da tambaya. Ke ce kika ga yaro yana barci a aji kika nemi dalili tun ba a kira shi daƙiƙi ba. Mun gode. Allah ya ba idonki lafiya, ya saka miki da abin da ba mu iya biya. Mu kuma iyaye da kakanni, kafin mu ce yaro ba shi da kai, mu fara tambayarsa me ya ci.

Ranar da aka yi mata sallama a lakol, Iro ya zo da ƙwarya cike da ƙwan zabi, ya durƙusa ya ajiye a gabanta. Ya ce, "Inna, har yau dai Zulai ko allurar wani ba ta ɗauka ba." Mutane suka yi dariya. Maijidda kuwa ta lalubi ƙwai ɗaya, ta juya shi a hannu, ta ce ya fi na kaza nauyi, to a kan yaro wanne ya fi aiki?